Neman nama a Tuboro

Daminar da gwaggona ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya, ni aka tura Tuboro jinyarta. Ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza duk suna fatauci can wajen Chadi. Ni kuwa ina zaune a gidanmu a Garwa, na gama makaranta ba aikin yi, don a shekarun nan masu aikin gwamnati ma kuka suke yi, balle a ɗauki sabo. Mahaifina ya ce 'yan kwanaki zan yi. Sai da aka girbe masara na dawo.

Mai ɗorin da ya ɗaure mata ƙafa ya ce a riƙa ba ta romon ƙashi da nama, ƙashin zai fi saurin kamawa. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Tun a hanya na ga shanu har na gaji da gani, garke bayan garke, direbanmu yana ta tsayawa su wuce. Ban san cewa shanun Tuboro na kallo ba ne. Ana kora su kudu, garin kuma a bar shi da ƙuda.

Mahauci ɗaya ne a kasuwar, wani dattijo Bahaushe, rumfarsa ta kwano tana bakin hanya. Saniya ɗaya yake yankawa, ba kuma kullum ba. Ranar farko na je da hantsi, na tarar yana kankare katako. Washegari na yi sammako, na sami nama a rataye, jini ma bai gama ɗiga ba. Na nuna cinya, ya ce ta matar kwamandan jandarma ce. Na nuna haƙarƙari, ya ce na mutanen kamfanin auduga ne. Ƙashin kuma masu abincin tasha sun riga sun kama. Ya tura mini huhu da ɗan tumbi da bakin wuƙa.

"Baba, mara lafiya gare ni a gida," na ce.

"Allah ya ba ta lafiya, 'yata. Ki dawo jibi."

Na koma jibin, da wanda ya biyo baya. Kullum naman yana nan a gabana, kullum kuma yana da mai shi.

Sauran cefanen ma ba daɗi. Ruwa ya yanke hanya, manyan motoci sun daina shigowa. A butik ɗin kusa da mu, ɗan kantin unguwa, ba komai sai ashana, sabulu da tumatirin gwangwani da ya yi tsatsa. Albasa ta yi laushi, kana matsa ta tana ruwa. Ni da na saba da ɗanyen kifin kogin Binuwai, sai ga ni ina ɓare banda ina karkaɗe ƙwari. Matan ƙauye da ke kawo ganye da garin rogo ba sa jin Hausa, Fillancina na Garwa kuwa dariya yake ba su. In na taya sai su kalli juna, su mayar da kayan cikin ƙwarya kamar na zage su. Haka muka zauna kan tuwon masara da miyar tafasa, yau da gyaɗa, gobe ba gyaɗa. Gwaggo ta kai loma biyu ta ture kwano, ta ce mutanen Garwa ba su koya mini komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai, kaji na yawo a tsakar gidan, har kan tabarmarta suke hawa. Na ce a yanka ɗaya. Ta ce wannan tana ƙwai, waccan ta ajiye wa babban ɗanta in ya dawo, zakaran kuwa ba za a bar gida babu shi ba.

Wata maƙwabciyarmu, Bafillatana mai sayar da nono, ita ta ji ina mita a bakin rijiya. Ta tambaye ni ko na taɓa shiga gidan mahaucin na gaida matarsa. Na ce me ya haɗa ni da matarsa, ba kyauta nake nema ba. Ta yi dariya ta ce to in ci gaba da zuwa kasuwa. Na yi kwanaki ina jin haushin maganar, sannan na yafa mayafi na tafi. Matar mahaucin ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi sunan unguwarmu, ta bi dangina ɗaya bayan ɗaya har ta gano kakata ta taɓa sayar wa uwarta atamfa. Ban ambaci nama ba, ita ma ba ta ambata ba. Washegari da na isa rumfa, dattijon bai ko ɗago kai ba, ya jawo ƙulli daga ƙarƙashin tebur ya miƙo mini. Ƙashin cinya ne da ɓargonsa, da tsoka mai kyau.

Da ɗanyen itace na dafa shi, hayaƙi yana cin idona. Na daka citta da masoro, na zuba 'yar daddawar da na zo da ita daga gida nake ta ɓoyo. Ƙamshi ya cika gidan. Ina cikin saukewa sai na ji sallama. Matan unguwa ne, sun taso daga gidan suna suka biyo dubiya, suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Gwaggo ta ƙwala mini kira ta ce in kawo abin da na dafa. Na zuba mata nata a ƙaramin kwano na kai. Ta dube ni ta ce tukunyar take nufi.

Ina tsaye suka cinye. Wata tsohuwa ta bubbuga ƙashin a bakin akushi ta zuƙe ɓargon, tana sa mini albarka. Gwaggo ruwan romon kawai ta kurɓa.

Da suka tafi na kasa yin shiru. Na ce mata na yi makonni ina jele a kan naman nan, saboda ƙafarta, ba saboda mutanen gari ba. 

"Ke baƙuwa ce, gobe za ki tafi," ta ce. "Ranar da na faɗi, su suka ɗauke ni. A ce sun shigo sun ji ƙamshi na bar su haka?"

Ni dai ban yarda ba. Daga ranar, duk sanda na samo nama sai in sakaya ƙofar zaure, in tsaya a kan gwaggo har ta cinye, tana ci tana cewa ina zubar mata da mutunci. Wani lokaci ta ɓoye tsoka a ƙarƙashin faifai don wanda zai shigo. In na gani in ɗauke, mu yi ta yi.

Ƙafar ta kama, ko da yake ta ɗan gajarce, da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Da hanya ta buɗe matar babban ɗanta ta zo ta karɓe ni, na hau bayan motar masara na koma Garwa. Bayan sallah gwaggo ta aiko wa mahaifina da saƙon baki ta hannun wani direba. Ta ce ta gode, yarinyar tana da ƙoƙari, girkinta ma ba laifi, sai dai a yi mata faɗa kan rowa tun kafin ta yi aure.