Saifullahi, Mai Gauta da Fararen Ɓeraye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, ina bakin aiki a nan Fatakwal, ƙanwarka Sharifa ta kira ni ta ce Allah ya karɓi abinsa a Birnin Kudu, bayan gajeriyar jinya. Kafin in nemi mota an kai ka makwanci. Haka nisa yake yi wa mutum.

Dakta Saifullahi, tare muka fara binciken gauta a jami'a. Mu tace sinadarin da ke cikinta, mu ba fararen ɓerayen da muka ƙosar da abinci mai maiƙo, mu duba ko kitsen jininsu zai sauka. A ƙasar da ɓera yake abokin gabar rumbu, kai kana ciyar da shi. Mutanen garinku Gwaram suka sa maka Sarkin Ɓera, kana amsawa. Sau nawa aka ɗauke wuta, jinin da muka ɗiba ya lalace a firiji? Ni na gaji, na taho. Har yau ban huce da waɗanda suka bar mu a duhu ba, amma ban taɓa cewa zamanka wauta ba ne.

Da kitsen ya sauka, labari ya riga ka zuwa gida. Masu tallar magani da lasifika suka fara kiran sunanka a kasuwa. Gwaggonka, Inna Dada, ta ajiye ƙwayoyin asibiti, ta koma jiƙa gauta. Ka hau babur har Zandam inda take zaune, ka durƙusa gabanta.

"Inna, ɓera na gwada, ban gwada mutum ba."

"Wato ɓera ya fi ni gata ke nan, ɗan nan?"

Ba ka tashi ba sai da ta haɗiye ƙwayarta. Ranar kasuwa kuma ka karɓi lasifikar da hannunka, ka faɗa wa jama'a gaskiya. Ka rage wa kanka suna don kada sunan ya kashe wani.

Sharifa ta ce da ƙafarta Inna Dada ta zo zaman makoki. Ɗalibarka Hidaya kuwa ta karɓi ɓerayen. Jiya ta tambaye ni yadda muke tacewa, na ce ta riƙa kirana duk lokacin da ta so.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa aikin nan ya zama sadaka mai gudana. Ga matarka Zahara'u da yara, da Inna, da Gwaram baki ɗaya, ina miƙa ta'aziyyata, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.