Tsohon Filin Jirgin Jos a Shagona

Lokacin da na fara gina filayen jirgin sama, ko ƙofar jirgi ban taɓa leƙawa ba. Ina da ɗan shagon buga takardu a Bukan Sidi, zamanin da wayar hannu ta fara yawa a garin Lafiya. Idan kasuwa ta yi sanyi sai in buɗe wani wasan kwamfuta da ake tuƙa jirgi kamar gaske. Abin da ke ba ni haushi shi ne Najeriyar cikin wasan fili ce fetal, ba gida ba dutse.

A kafe, wato shagon shiga intanet, na gano wani zaure na intanet inda masu irin sha'awata ke zana tsofaffin filayen jirgi, kowa ya sauke kyauta ya sa a wasansa. Sai na ɗauko hotunan da mahaifina ya ajiye tun yana aikin kuza, na gina filin Jos yadda yake a zamaninsu, da ɗan ginin kwano da duwatsu a bayansa. Na ɗora a zauren.

Wani ya rubuto cewa ya sauka a filina har sau ba adadi, jar ƙasar ta burge shi, amma bishiyoyina na ƙasar Turawa ne. Na tambaye shi inda yake. Ashe a Shabu yake koyar da aikin gona, tafiyar ɗan acaɓa kawai tsakaninmu!

Ranar Asabar sai ga shi a shago, dattijo ɗan Tibi, da faifan sidi a aljihu.

"Malam, kai ne mai jar ƙasa?" ya ce yana dariya. "Wannan ƙasa naka ya yi kyau. Yaya ka yi shi?"

Na ce, "Oga, hoton hanyar Akurba na ɗauka bayan ruwa ya ɗauke."

Ya buɗe nasa aikin. Makurɗi ce ta da, da gada da kwale-kwale a kan Binuwai, ga mangwaro da giginya kamar ka miƙa hannu ka tsinka. Ya ba ni tuƙin, na shagala da kallo, har ya ce in ja jirgin sama kafin in jefa mu a ruwa.

Daga nan muka zama 'yan musaya. Ya ba ni bishiyoyinsa, na ba shi ƙasata. Da na ga kwale-kwalensa sai na zana tsohuwar motar kuza, shi kuma da ya gan ta ya koma gida ya zano garken fararen shanu a gefen titin jirgi. Mutanen zauren suka yi ta tambayar ko 'yan gida ɗaya ne mu.

Da aikin ya haɗu, muka zaunar da mahaifina gaban kwamfuta. Oga ya tuƙa, ya sauko a hankali ta kan duwatsun. Mahaifina ya matso da fuskarsa, sannan ya nuna gefen ginin da yatsa.

"A nan wata mata ke sayar da gwate. Ina rumfarta?"

Oga ya kwashe da dariya. "Baba, faɗa mana yadda yake, na ciyawa ne ko na kwano?"

Mahaifina ya gyara zama ya fara bayani, ni kuma na jawo takarda ina zanawa.