Tumbin da Na Yi wa Gadi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata tara ban ce uffan a shafin nan ba. Wasu sun ce na tsere Najeriya, wasu sun ce kasuwa ce ta karya ni. Ina nan Garwa ta Kamaru da raina, sai dai ba dukana na dawo ba.

Duk wanda ya san ni a layin 'yan atamfa, tumbina ya fara sani kafin sunana. A gidanmu, tun kakanmu da ya zo daga Kano, ɗan kasuwa marar tumbi ba a sakar masa kaya. Tumbi ne shaidar shago na tafiya. Wallahi alfahari nake da nawa.

Da safe shayi da madarar gwangwani, burodi da sardin. Da rana taliya ta sha magi, in kora da lemon kwalba biyu, wai zafin Garwa. Da yamma tsire. Daga kujerar shago sai moto, daga moto sai tabarma.

Bara ƙishirwa ta kama ni. In sha, in zagaya, in dawo in sha. Sai rama. Riguna suka yi mini yawa.

Wata rana maƙwabcina a kasuwa, Alhaji Buba, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Jam na, lafiya dai, Alhaji Sani? Ina tumbin? Ko 'yan duwan na kan iyaka sun riƙe shi tare da kayan?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma abin ya ci ni.

Maimakon asibiti, sai na nufi mai tallar magani a bakin titi, na sayi maganin buɗe ciki. Na ƙara lemo, na ƙara madara, don kar a ce na karye. Ashe abin da ke cina nake ciyarwa.

Matata Hadiza ta ce, "Alhaji, wannan ramar ba ta yunwa ba ce. Mu je lopital wurin likita." Na daka mata tsawa. Har yau kunyar tsawar nan nake ji.

Sai sabon takalmi ya ɗan ci ni a babban yatsan hagu. Ko zafi ban ji ba. Sati uku ina rufe shi da safa. Hadiza ce ta fara jin warin.

A asibiti aka ɗebi jini. Likita ya duba takardar ya ce, "Alhaji, diyabet ce, ciwon sukari, ga tansiyo, wato hawan jini. Ta yi shekaru a jikinka. Kitsen nan da ka tara a ciki, shi ya hana jikinka sarrafa sukari."

Na ce, "Ƙafar fa?"

Ya ce, "Za mu gwada."

Kullum da safe a soki yatsa, a yi allura, a kankare mikin ina cije da hulata. Takardar magani na bin takardar magani, har moto ta tafi, rabin kayan shago ya bi ta. Tsoro kam na ji shi. Mutumin gadon kusa da ni, ciwonmu ɗaya, a gabana aka ja masa mayafi.

Suka cire yatsa ɗaya. Suka cire biyu. Baƙin da naman ke yi bai tsaya ba. Da hannuna na sa hannu aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da Alhaji Buba ya zo dubiya, ya kalli inda zanen gado ya kwanta babu komai, ya kasa zama. "Ka yafe mini," ya ce. Na ce ba shi ya ba ni lemon ba.

Alhamdu lillahi, miki ya warke, sukari ya sauka, ina koyon sanda. Likitoci da masu jinya, useko, na gode. Hadiza, ban da bakin gode miki.

Ku kuma 'yan uwana na kasuwa, ku ji ni. In ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, ko kuna rama ba dalili, ku je a auna jini, ba tsada. Ku rage lemo da kayan gwangwani, ku koma wa miyar ganye, ku taka da ƙafarku tun kuna da biyu. Miki a ƙafa kada ya kwana ba a duba ba.

Na koma shago. Takalmi ɗaya Hadiza ke ajiye mini a bakin ƙofa yanzu. Ɗayan na hana a yar, yana kan kanta kusa da atamfa. Duk wanda ya tambaye ni ina tumbin, shi nake nuna masa.