Hoton Babana a Shafin Jakuna

Duk wanda ya san Mushe Yohanna ya san kile ɗin odinater, wato ɗan filashin kwamfuta, da yake ratayawa a wuya kamar laya. A ciki yake yawo da lojisiyel ɗinsa, wato manhajar tsara rubutu, wanda ya ce wasu mutanen kirki ne suka yi, suka bar wa duniya kyauta. Kafin ka gama gaishe shi ya tambaye ka ko an zuba maka. Ni sau uku yana ba ni, alhali ko a mafarki ban taɓa mallakar odinater ba, lakkol kuwa, makarantar boko, shekara biyu na yi aka ce in je in huta. Har Iya Hadiza mai ƙuli-ƙuli ya ba kile. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaura wa jikarta mai fitar haƙori.

Shagonsa yana jikin rumfar da nake facin taya a Zango. In ka leƙa, ba abin da za ka gani a allon sai zane-zane kamar sawun kaji. Sai ya danna, ya harɗe hannu, takarda ta fito fes. In ka ce a matsar da wani abu, amsar ɗaya ce: "Kyauta ne, kuma ya fi ka hankali." Wani ango ya roƙi a sa masa furanni a katin biki, Mushe ya ce ya je ya shuka.

To, ni ma na ɗanɗana. 'Yan garinmu na Gafati suka haɗa ɗan littafin tarihin ƙauye, suka ba Mushe ya tsara, na kai masa hoton babana, shi kaɗai muke da shi, don a sa kusa da sunansa. Shi kuwa lojisiyel ɗin, in hoto bai samu wuri a shafi ba, sai ya tura shi gaba. Aka fito da gwaji, na buɗe. Karatu ban iya ba, amma na san jaki. Ga Baba da rawaninsa a tsakiyar shafin kasuwar jakuna.

Na ce, "Mushe, ubana fa liman ne."

Ya ce, "Na sani, Habu. Nan ya samu fili."

Na ce ya dawo da shi. Ya ce akwai umarnin da ke tilasta wa hoto zama, amma shi bai taɓa yi wa lojisiyel dole ba, kuma ba a kaina zai fara ba. Muka daina gaisawa. Na daina hura masa tayar keke, ya riƙa tura abinsa har wata unguwa, yana wuce ni kai a sama. Yayata kuma ta aiko daga ƙauye cewa in littafin ya fita haka, kada in sake taka gidanta.

Ana gab da kai aikin wurin bugawa sai ga Mushe a rumfata da kujerarsa da biro. Wai laifina ne. Layi uku kacal na bayar a kan ubana, shi ya sa da hoton ya tsallaka ya tarar da jakuna. In na ƙara magana, zai tsallaka ya tarar da labarin Baba.

"Ba ni labarinsa," in ji shi.

Na fara da ƙyar. Rijiyar da ya haƙa, geron da yake rabawa a ɓoye shekarar yunwa, yadda kaza mai 'ya'ya ke kora shi da gudu. Mushe yana rubutawa, ni ina share ido ina cewa hayaƙin faci ne. Baba ya tashi da shafi biyu, ya fi mai gari. Hoto ya zauna daram. Mushe ya turo mini keken ya ce, "Na faɗa maka ya fi ka hankali. Hura."

Da Mushe ya rasu, 'yarsa Rifkatu ta zauna tsara takardar addu'ar majami'a da lojisiyel ɗin nan. Hotonsa ya ƙi zama, ya tsallaka shafin ƙarshe shi kaɗai. Ta ce bari ta tilasta shi. Na jawo kujerarsa na ce, "A'a, 'yata. Ɗauko biro."

Allah ya ba ka wuri mai fili, Mushe, inda ba mai matsar da kai. Mu da ka bari, Allah ya ba mu haƙuri.