Tagar da Kawu Ya Toshe

Madafin Kaka Hurera shi ne gini mafi tsufa a gidanmu na Keffi. Da tubalin ƙasa aka gina shi, hayaƙin shekaru ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin har yana ƙyalli. Can sama da murhu, dab da rufin kwano, akwai wata 'yar taga da ba ta wuce faɗin faifai ba, ba ta da marfi. Ta nan hayaƙi yake fita. Ta nan kuma jemagu suke shigowa. Ni dai tsoronta nake ji. Idan duhu ya yi sai in ga kamar wani ido ne yake leƙenmu, shi ya sa kullum nake juya mata baya.

A nan muke zama bayan sallar isha, ni da ƙanena Sadiku, Kaka tana gasa mana masara. Dokarta ɗaya ce: ba a katse ta. Ban taɓa karya dokar ba, don ko a makaranta da ƙyar ake jin muryata. Saurare kawai nake yi, har na haddace tatsuniyoyinta kalma da kalma. Ita ta sa mini suna Malama Shiru.

"To, ga ta nan ta iso," haka take farawa. "Ku matsa mata ta zauna."

Wadda ta fi tayar mini da tsigar jiki ita ce ta matar da aka gina wa sabon ɗaki. Magini ya bar rami a saman murhu, matar ta ce ya liƙe, ba ta son ƙuda, ba ta son idon maƙwabta. Ya ce mata wannan ƙofar ba tata ba ce. Wuta tana da 'ya'ya biyu. Ƙaramin shi ne Hayaƙi, mai hayaniya, yana sa tari da hawaye, kowa ya san da zuwansa. Babban kuwa ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ya sallama, kuma ta ramin nan yake wucewa abinsa. Matar ta yi dariya. Magini na juya baya ta kwaɓa ƙasa ta liƙe.

A nan Kaka takan sassauta murya. "Babban ya zaga, ya zaga, bai ga hanya ba. Sai ya zauna. Ya dafa kan yaronta, kai ya yi nauyi. Ya taɓa harshen uwar, harshe ya yi nauyi. Sannan ya shimfiɗa musu barci mai daɗi." Da safe maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Tuwo yana cikin tukunya ba a taɓa ba, kowa yana kwance kamar yanzu zai tashi.

Wata damina bangon madafin ya tsage daga gefen tagar. Kaka ta tafi bikin suna a garin Agwada, sai Kawu Bala, ƙanen babanmu, ya kawo birkila. Aka cike tsagar da bulo da siminti, aka haɗa har da tagar aka shafe. Da ta dawo ta daɗe tana kallon wurin.

"Bala, wa ya ce ka rufe wa gida hanci?"

"Inna, ta nan ruwa yake cin bangon. Da rani sai a buɗe."

Ta yi ƙwafa ta ƙyale shi, ta mayar da girkinta rumfar tsakar gida. Ni kuwa har cikin raina na yi murna. Idon ya rufe.

Ana cikin marka, wani dare ruwa ya kece tun magariba. Itace ya jiƙe, sai Kaka ta hura gawayi a kasko muka shige madafi. Ta ce a bar ƙofa a ɗan buɗe. Iska ce ta tura ta har ta rufe, kuma da ƙarar ruwa a kan kwano babu wanda ya ji. Ɗumi ya lulluɓe mu. Ban taɓa jin daɗin ɗakin nan kamar daren ba.

Tatsuniyar kurciya da ɓarawon gero take yi. Na san ta kamar sunana, shi ya sa na lura lokacin da ta faɗi wani wuri, ta wuce, ta sake dawowa ta faɗe shi. Kaka ba ta maimaitawa. Kalmominta suna jan ƙafa. Na dubi Sadiku. Yaron da ba ya barci sai ya ji waƙar kurciya ya sulale a jikin bango, masara a hannunsa. Nawa kan yana sara kamar an ɗora mini turmi.

Kai. Harshe. Na san abin da ya saura.

A karo na farko na juya da kaina na nemi tagar. Babu komai sai siminti. Idan na yi kuskure fa? Idan ta yi mini tsawa? Barci kuma yana ja na, mai daɗi, daidai yadda ta faɗa.

"Kaka," na ce. Ba ta ji ba. Na kama zanenta na ja. "Kaka, baƙon ya zauna."

"Wane baƙo, Malama?"

"Babban ɗan wuta."

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwoyinta suka ƙi. "Ƙofa!" ta ce. "Maza, ƙofa!"

Da rarrafe na kai. Na banke ta, na dawo na kama Sadiku ta hammata na ja shi cikin ruwan, ina ihun da ban san ina da shi ba. Jikinsa laƙwas. Ruwa yana dukan fuskarsa bai motsa ba. Kawu ya fito a guje ya ɗauko Kaka. Sai can Sadiku ya ja numfashi, ya yi amai, ya fashe da kuka. A asibiti suka kwana, shi da ita.

Ranar da aka sallamo ta, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ɗauki taɓarya. Ta hau turmi Kawu yana riƙe da ita, ta dinga dukan simintin har haske ya faɗo a kan murhu.

"Bangon ya zube in ya ga dama," ta ce. "Ƙasa ba ta ƙare a Keffi ba."

Kaka ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. Yanzu ina jami'a, kuma a littafi na ga sunan da masana suka ba babban ɗan wuta, wato iskar gubar da garwashi yake fitarwa. Bai ƙara mini komai a kan abin da ta faɗa ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, duk shekarun nan ramin da yake tsare mu nake tsoro, ɗumin da ya kusa kashe mu kuma shi na yi wa murna.

Bana aka sake gyaran madafin. Na tarar da birkila ya ɗauki bulo zai toshe tagar.

"Ai da gas kuke girki yanzu, 'yar'uwa. Mene ne amfaninta?"

Sadiku yana tsaye a bakin ƙofa, ya fi ni tsawo yanzu. Ya dube ni, yana jira.

"A bar ta," na ce. "Ka yi mata 'yar rumfa ta waje saboda ruwa. Amma ƙofar ba tamu ba ce."