Birkin Baba Magaji

Shekara ashirin da huɗu Baba Magaji yana jan motar 'yan makaranta tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, ko kaza bai taɓa takawa ba. Kowa ya san haka, don shi kansa ba ya bari a manta. Mutum ne mai tsiya a kan tuƙi: in ka wuce shi da gudu sai ya leƙo ya tambaye ka ko gobara za ka kashe. Yara kuwa ya san sunan kowa, ya san wanda mota ke sa wa amai, gaba yake ajiye shi kusa da taga.

Shekarar da soja suka koma bariki, titin Zariya ya cika da sababbin motoci da 'yan acaɓa. A nan ne wata Talata, ya kwaso yara bayan an tashi, ya daki bayan wata ƙaramar mota da ke tsaye. Ba wanda ya ji ciwo, sai fitila da bamba da suka tafi. Mai motar ta fito a fusace, da farin kayan asibiti, tana ganinsa ta yi sanyi. Mufida ce, ma'aikaciyar jinya, wadda ya yi shekara shida yana ajiyewa kusa da taga.

Motar makaranta na da inshora, saboda haka washegari suka hallara gaban wani matashi ma'aikacin kamfanin inshorar mai suna Sani, da fom a hannunsa. Hukumar makaranta ta riga ta faɗa: in laifin direba ne, ya ajiye makulli. Mufida ta san da haka, ta riga kowa magana.

"Ni na yi baya ban duba ba. Rubuta haka."

Sani ya ɗaga biro, ya ce, "Baba, ka yi shiru kawai. Mu a aikinmu ba a saurin cewa ni ne."

Wallahi tausayin Baba Magaji ya kama kowa, don tuƙin nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ki yi baya ba. Ban gan ki ba ne." Ya nuna idonsa na hagu. "Wata biyar ke nan hazo nake gani, na ɓoye. Jiya bamba ce. Gobe fa, da 'ya'yan mutane goma sha takwas a bayana?"

Sani ya rubuta. Baba Magaji ya sa hannu, ya kai makulli makaranta da ƙafarsa, bayan ya goge gilashin motar tas kamar kullum.

Ranar Alhamis Mufida ta zo ƙofar gidansa da motarta, bamba ɗaure da waya, za ta kai shi a duba yanar idon. Ya nufi kujerar baya, ta buɗe masa gaba.

"Nan kusa da taga, Baba. Ko za ka yi amai."

Ya yi dariya har da hawaye. Suna hawa titi ta lura ƙafarsa ta dama na danna ƙasan mota, tana neman birkin da babu. Sai ta rage gudu.