Hatimin Malam Hamelin da aka fasa a Valbrune

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, shekara ta 1256, da hantsi, jim kaɗan bayan an kaɗa ƙararrawar addu'a, Allah ya karɓi ran Malam Hamelin, mai binciken koke-koken talakawa da sunan sarki. Ya rasu a benen masaukin Mahaut, a ƙauyen Valbrune, bayan zazzaɓin kwana biyar. Mu uku ne a kansa: ni Aubri magatakardansa, da Mahaut, da limamin majami'ar ƙauyen.

Malam, wata bakwai kacal na yi tare da kai. Ka ɗauke ni ina fitowa daga makarantar Paris, ban san komai ba sai fiƙe alƙalami. Sarkinmu mai tsoron Allah ya aiko ka gari-gari ka ji abin da hakimansa suka yi wa mutane, kai kuma ka riƙe aikin kamar ibada. Ban taɓa ganin ka zauna sama da mai ƙara ba. Ka ce tunda sarki da kansa yana zama a ƙasa a gindin bishiya ya saurari kowa, bawansa ba shi da hujjar neman kujera. Na ga wata tsohuwa ta kwashe rabin yini tana ba ka labarin akuyarta, ba ka katse ta ba, ka ma tambayi sunan akuyar. Ranar da ruwa ya duke mu a hanya, bargonka ka lulluɓa mini, kana tsokanata: "Kai Aubri, ko atishawa za ka yi sai ka duba kwanan wata."

Dole in faɗi abin da ya faru, don kai ka koya mini kada in bar giɓi a rubutu.

Josse mai niƙa yana tsare a gidan hakimi bisa zargin ƙona rumbu. An yanke za a rataye shi ranar Asabar, ashirin da biyar ga wata. Shaidu uku sun rantse a gabanka cewa lokacin da wutar ta tashi yana majami'a, ana yi wa 'yarsa baftisma. Na rubuta maganarsu a fata, na karanta maka, ka gyaɗa kai. Saura hatiminka. Na sauka narka kakin zuman da za a danna hatimin a kai, na hawo, ka miƙo hannu, na ba ka ruwa. Ka kurɓa sau ɗaya, shi ke nan, ka cika.

Kakin yana da ɗumi, hatimin yana wuyanka. Liman ya juya baya yana addu'a. Mahaut ta matso kusa da ni.

"Ɗan nan, danna mana. Hannunsa ko sanyi bai yi ba."

"Inna, hatimin mamaci ba ya shaida."

"Wa zai sani?"

"Ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Abin da aka koya maka a Paris ke nan? Yadda ake rataye mutum bisa ƙa'ida?"

Ban danna ba. Bisa al'ada, liman ya fasa hatimin gida uku da guduma, kuma yau Laraba muka binne gutattsarin tare da kai. Perrenelle, matar Josse, ta tsaya a bakin kabari da jaririyar a ƙirjinta.

Muna fitowa daga maƙabarta wani yaron hakimi ya tare ni yana murmushi. "Ƙaramin malam, fatar nan ai ta zama ta takalmi. Kawo in rage maka kaya." Yanzu yaran hakimi biyu suna zaune a ƙofar masauki, suna cin burodin Mahaut. Fatar tana ɗinke cikin rigata. Mahaut ce ta ɗinke ta, tana ɗinki tana zagina, kuma ta nuna mini ƙofar da ke bayan garken aladu.

Gobe zan kama hanya zuwa wurin sarki. Kwana huɗu zuwa, kwana huɗu dawowa. Zan tsaya a gindin bishiyar nan cikin talakawa, in faɗa da bakina abin da hatiminka bai samu faɗa ba.

Ubangiji ya jiƙanka, Malam, ya saurare ka da irin haƙurin da ka saurari bayinsa, ya ba ka hutu cikin haskensa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, Uwargida Aveline, da 'ya'yanku, Guibert da Aalis. Allah ya ba su dangana. Zobenka da littafin addu'arka suna hannun liman.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Ko sarki yana gida, ko ya fita rangadi.

Ko za a saurari magatakardan wata bakwai da fata marar hatimi.

Ko hakimi zai jira Asabar ɗin.

Ko hannun da ka miƙo mini, ruwa yake nema, ko kakin da ke ɗaya hannuna.